Babur Ɗin da Ba Ya Silo

Mahauci ya ɗaure Bakanike a jikin turken lantarki, da igiyar da yake ɗaure raguna.

Ba shi kaɗai ya yi ba. Maza shida suka riƙe masa, mata na bakin ƙofofi suna kallo. Da tsakar rana ne aka buge matar Mahauci da babur a kwanar shagon Tela, ga ta da ciki wata bakwai. Wanda ya buge ta bai tsaya ba. Aka kwashe ta zuwa asibiti ba ta san inda kanta yake ba. Da aka leƙa rumfar Bakanike, sai ga ɗan ƙaramin babur ɗin Mahauci, wanda ya kai gyara kwana uku da suka wuce: fitila a fashe, inji da zafi, zaren mayafinta a maƙale a hannun birki.

Aka kira 'yan sanda. Suka ce motarsu ta fita, sai ta dawo.

"To su hanzarta," in ji Mahauci. "In matata ta cika kafin su iso, gawarsa za su kwance."

Ba wanda ya ce masa haba. Wuƙarsa na ƙugu.

*

Uban Bakanike ya iso da sandarsa. Mai Sawu ake kiransa. Shekara arba'in ya yi yana bin sawun dabbobin sata, bai taɓa nuna gidan da ba shi ba. Tun da ɗan ya ƙi gadonsa ya ɗauki sufana, gaisuwa kawai ke haɗa su. Ya tsaya a gabansa, ya dubi igiyar, ya dubi leɓen da ya fashe.

"Kai ne?"

"Ba ni ba ne, Baba."

"Ina kake da tsakar rana?"

Bakanike ya sunkuyar da kai.

"Kun gani ko? Ba shi da ta cewa!" Auta ne ya ɗaga murya, ƙanin Mahauci. Ga gemu, ga 'ya'ya biyu, amma har yau Auta ake ce masa. Shi ke kai nama gidajen abinci a kan babur ɗin nan kullum, kafin ya lalace.

Mai Sawu bai waiwaye shi ba. Ya matsa har numfashinsa ya haɗu da na ɗansa.

"Ni nake tambaya."

"Na je wajen wani bakanike ne a bayan gada," in ji shi, ƙasa-ƙasa. "In tambaye shi. Na tarar da shago a rufe. Ba wanda ya gan ni."

"Kunyar wannan ce ta rufe maka baki?"

"Babur ɗin ya gagare ni, Baba. Sai ya tashi lafiya lau. In ya yi minti goma ya fara tari. Ka saki totur, ya mutu. Ba ya silo. Na wanke kafireta sau uku. Na sake fulogi, na sake tiyo, na tace mai. Na murɗa kusar silo har ta ƙure. Banza."

"Mene ne silo?"

"Numfashin inji in yana tsaye. Ba a ba shi wuta ba, kuma bai mutu ba."

"In ya mutu fa?"

"Sai ya huta rabin awa. Kafin nan ko ƙafarka za ta cire wajen buga kik, ba zai tashi ba."

Mai Sawu bai san inji ba, bai kuma taɓa son sani ba. Amma ya adana maganar. Ya juya ga Mahauci.

"Ka ba ni lokaci zuwa faɗuwar rana."

"Ɗanka ne. Me za ka gano?"

"In shi ne, ni zan gaya maka da bakina."

Mahauci ya dube shi da jajayen idanu. "Je ka. Amma in wayar asibiti ta riga ka, ba ruwana da rana."

*

Kwanar shagon Tela ta zama sansanin ƙafafu. Masu ɗaukar mace, masu kallo, masu salati, duk sun tattake wurin. Mai Sawu ya tsaya ya tsine musu a zuci, ya shiga shagon.

Tela mace ce mai jiki, tana zaune gaban keke ba ta taka ba.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Me kika gani?"

"Wallahi Baba ban gani ba, ji na yi. Bayana ke kallon ƙofa."

"Me kika ji?"

"Ƙara. Kowa in ya zo kwanar nan yakan sassauta. Wannan bai sassauta ba. Inji na kururuwa, yana shaƙewa, yana sake kururuwa, kamar wanda ake maƙurewa yana ƙwacewa. Sai na ji tim. Kafin in ture keke in fito, ya shige lungu."

"Riga fa? Hula?"

"Ƙura kawai." Ta rage murya. "Ni dai da za a bi tawa, a tambayi Mai Faci. Shekaranjiya suka kusa dambe da Mahauci a kan ruwan jinin yanka da ke gangaro masa wurin faci. Na ji da kunnena ya ce sai ya sa shi kuka."

Mai Sawu ya tarar da Mai Faci zaune a kan tsohuwar taya, hannunsa na dama naɗe da tsumma.

"Me ya sami hannun?"

"Ƙarfen cire taya. Ko shi ma laifi ne?"

"Ina kake da tsakar rana?"

"Ƙarƙashin motar can, ina barci. Baba, na faɗi magana cikin fushi, shi ke nan sai in buge mace mai ciki? Ni da ko kaza matata ke kai wa maƙwabta a yanka?"

"Tayar babur ɗin, ka san ta?"

"Ni na yi mata faci. Ta baya tana da tsaga a gefe, kamar bakin kifi. Na ce su sake, suka ce tana da sauran rai."

Mai Sawu ya dubi ƙafafunsa. Silifa na roba, irin wanda rabin layin ke sawa, har da ɗansa. Bai wanke shi ba, bai kuma kama shi ba.

"Kada ka yi nisa."

"Ina za ni? Ga su can suna auna ni da igiya ta biyu."

*

Mai Sawu ya bar kwanar, ya yi da'ira mai faɗi, yana tafe a sunkuye. Idanunsa ba kamar da ba. Sau biyu yana durƙusa a kan sawun da ba shi ba. A bayan injin niƙa, inda yashi ke da laushi, ya ga bakin kifin. Layi biyu: na tafiya da na dawowa. Na dawowa ya hau kan na tafiya, ya fi zurfi a kwana. Mai gudu ne.

Ya bi na tafiya.

Ya wuce juji, ya wuce kangon da ba a rufa ba, ya shiga fili. Ba inuwa. Gwiwarsa ta fara suka. Can baya ya ji ihun mace, zuciyarsa ta faɗi, ya tsaya cak. Ya saurara. Wata ce ke kiran ɗanta. Ya ci gaba.

A tsakiyar fili sawun ya fara lanƙwasa, ya yi maciji, ya tsaya. A nan babur ya mutu.

Mai Sawu ya tsugunna. Ya karanta wurin yadda wasu ke karanta takarda. Mutumin ya sauko ta hagu. Ƙafa biyu, a jere, kusa da kujera. Ba alamar gwiwa. Bakanike in abin hawa ya mutu masa durƙusawa yake yi ya leƙa inji, ya sha ganin ɗansa haka daga nesa. Wannan bai durƙusa ba. Bai tura ba. Bai kuma jira ba, don wanda ya yi rabin awa cikin wannan rana sai ya tattake ƙasa, ya zaga, ya nemi inda zai fake. Wannan ya sauka, ya yi wani abu guda, ya hau, ya tafi.

Gefen ƙafar hagu akwai zobe a yashi, bai kai tafin hannu ba. An ajiye wani abu mai da'ira an ɗauke. A tsakiyar zoben kiyashi sun taru baƙi ƙirin.

Ya daɗe yana kallonsu. Ya sa yatsa, ya shinshina. Hancinsa bai ba shi komai ba. Ya samo tsohon gwangwani ya kife a kai, ya danne da dutse.

Daga nan sawun ya miƙe, ya hau kwalta, ya ɓace.

Ya bi bakin kwaltar hagu, ya bi dama. Babu. Ya tsaya da sanda a hannu, motoci na wuce shi. Shekara arba'in, ga abin da zai koma da shi: zobe da kiyashi. Rana ta karkata. Ya juya, ya yi abin da ya manta rabonsa da yi. Ya yi gudu.

*

Tun daga bakin layi ya san an yi waya. Mata na kuka. Mahauci na zaune a ƙasa, wayar na gabansa cikin ƙura.

"An ciro ɗan," in ji Tela. "Bai zo da rai ba. Ita kuma ana kanta."

Wani ya jefi Bakanike da dutse, goshinsa na zuba. Auta na tsaye a kansa da guntun katako.

"Me ake jira? Yaya, me ake jira?"

"Ajiye," in ji Mai Sawu.

"Tsoho, ka gano wani ne? Faɗi mu ji!"

"Rana ba ta faɗi ba."

Bai dubi ɗansa ba, don in ya duba ba zai iya wucewa ba. Ya shiga rumfar gyara. Ga babur ɗin a jingine, ga kwanon fetur da aka wanke kafireta, ga fulogi uku a jere a kan bulo. Ya zaga shi. Bai san me yake nema ba. Ya zauna a kan benci, ƙirjinsa na bugawa, idonsa a ƙasa, inda ya saba zama.

Sai ya ga layin.

Kiyashi ne, a jere, sun taso daga gindin bango, sun hau ƙarfen jingina, sun bi jikin roba, sun shige ƙarƙashin kujera. Rumfa cike da baƙin mai da fetur, abin da kiyashi ba sa kusanta. Me suke ci a nan?

Ya laluba har ya ɗaga kujerar. Ƙarƙashinta akwai rami na zuba kaya, gefensa murfin tanki. A kan murfin suka taru. Ya hure su. Tsakiyar murfin akwai wani abu da aka cusa aka shafe da yatsa. Gefensa ya yi baƙi da datti, ya saje da ƙarfe. Samansa fari ne. Ya kankaro da farce, ya murza, ya kai hanci.

Ya murɗe murfin, ya sa a aljihu, ya fita.

Mutane suka buɗa masa. Ya kare ɗansa da jikinsa, ya nuna masa cikin tafin hannu.

"Akwai huji a nan?"

Bakanike ya ƙifta ido, jini na shiga masa. "Akwai. Ɗan mitsitsi. Ta nan tanki ke shan iska. In mai na sauka, dole iska ta shiga ta maye gurbinsa, in ba haka ba..." Bakinsa ya buɗe. "A toshe yake?"

"A toshe."

"Wayyo Allah. Kwana uku, Baba. Kwana uku ina kwance kafireta, ashe tankin ne ya riƙe numfashi. Mai ya daina sauka, shi ya sa yake tari, shi ya sa ba ya silo. In an buɗe murfi iska ta shiga, take zai tashi."

"Kai ka taɓa murfin yau?"

"Rabona da shi tun jiya da safe."

"Rufe bakinka."

*

Ya mayar da murfin ya ɗaure tam, ya sauke kujera. Sannan ya kira mutum huɗu cikin rumfa: Mahauci, Auta, Mai Faci, Tela. Ya ja buhun da ke tsare ƙofa. Ta ɓular buhun ana hango turken da wanda ke jikinsa.

"Tayar da shi," ya ce wa Mahauci. "Ka riƙe masa wuta. Ina son Tela ta ji ƙarar."

"Wasa za ka yi da ni? Ɗana na kwance a tsumma."

"Na sani. Tayar."

Mahauci ya buga. Babur ya tashi, rumfa ta cika da hayaƙi. Mai Sawu ya tsaya a bakin ƙofa, yana magana sama da ƙarar.

"Mai Faci, ka taɓa hawansa?"

"Sau ɗaya, da na yi faci. Daga nan zuwa famfo."

"Mahauci, me ya sa ka kawo shi gyara?"

"Ya mace mini a hanya sau biyu. Na tura shi har gida."

"Naman rana fa, na gidajen abinci? Wa ya kai yau?"

"Auta."

"A me?"

"A ƙafa," in ji Auta. "Kwana uku a ƙafa nake kaiwa. Duba dugadugaina."

Suka tsaya cikin hayaƙi, Mahauci na murɗa totur, Mai Sawu na kallon hasken rana a jikin buhu yana ja da baya. In maganar ɗansa ba daidai ba ce, ba shi da wata dabara.

Sai inji ya yi tari. Ya ƙwace, ya sake shaƙewa.

"Ita ce!" in ji Tela, ta dafe ƙirji. "Wallahi ita ce ƙarar!"

Mahauci ya sassauta hannu. Babur ya mutu.

"A sake tayarwa," in ji Mai Sawu. "Mai Faci."

Mai Faci ya buga kik sau goma sha biyu, silifansa ya tsinke. Mahauci ya ture shi, ya buga har gumi ya jiƙa masa riga. Ya zagi babur, ya zagi wanda ya ƙera shi. Ya juya a fusace.

"Kai, Auta! Kai ba ya yi maka gardama. Tayar mana mu gama da tsohon nan!"

Auta ya matso ta hagu. Ya ɗaga kujera. Ya murɗa murfi, aka ji fiss, kamar an buɗe kwalbar lemo. Ya sunkuya ya ajiye murfin a kife gefen ƙafarsa, ya leƙa tanki, ya ɗauka ya mayar. Bugu ɗaya, babur ya tashi, yana silo lafiya lau.

Mai Sawu ya sa hannu ya murɗa makulli. Inji ya mutu.

"Kada ka motsa ƙafarka," ya ce wa Auta.

Ya zagaye wurin da bakin sanda: ƙafa biyu a jere, zobe a gefen hagu.

"Irin wannan na bari a tsakiyar fili, bayan injin niƙa. Na kife gwangwani a kai. Mai so ya je ya buɗe." Ya cire murfin ya miƙa wa Mahauci. "Sana'arka ce. Mene ne wannan?"

Mahauci ya taɓa. Ya murza. "Kitse."

"Na yaushe?"

Ya kai hanci. "Na ƙasan tsoho ne. Na saman bai kwana ba."

"Kwana uku babur na hannun ɗana. Wa ya shafa masa kitsen yau?"

Mahauci ya juya ga Auta a hankali. "Ƙarfe nawa ka dawo daga kai nama? A ƙafa awa guda ce zuwa, awa guda dawowa. Na gan ka kana wanke faranti kafin a zo mini da labari."

Auta ya zube ƙasa.

"Warin fetur ne, Yaya. Yana shiga naman. Masu abinci suna ta ƙorafi, ka ce in suka sake dawo da shi za ka kore ni. Na ga huji, na toshe. Ban san shi ke kashe shi ba, wallahi ban sani ba. Na ɗauka in na leƙa mai ne yake tashi. Yau na gaji da tafiya, na tarar ba kowa a rumfa, na ƙara wa hujin kitse, na ce in je in dawo. Da na iso kwana ya fara tari. In na saki zai mutu, a gan ni da shi. Ban saki ba. Ban gan ta ba sai da..." Ya kama ƙafar wansa. "Tsoronka na ji. Tsoronka kawai."

Hannun Mahauci ya je ƙugu. Tela ta toshe baki. Hannun ya tsaya a kan ƙotar wuƙa, sannan ya sauka.

Daga waje murya ta taso: "Rana ta faɗi! Ku fito mana da magana!"

Mahauci ya dubi buhun ƙofa. Ya dubi ƙaninsa a ƙasa. Sai ga shi, ƙaton mutum, ya durƙusa gaban Mai Sawu.

"Baba. Uwa ɗaya ta haife mu, kuma tana raye. Na rasa ɗa yau, ban san ko matar za ta tashi ba. In mutanen can suka ji, ba za su bar shi ya kai hannun hukuma ba. Ka ce sawu ya hau kwalta ya ɓace. Ai ya ɓace, ba ƙarya ka yi ba. Ka ce baƙo ne. Ni da hannuna zan kwance ɗanka yanzun nan, in wanke masa goshi. Tela ba za ta faɗa ba. Mai Faci ba zai faɗa ba."

Su biyun suka dubi ƙasa.

Mai Sawu ya leƙa ta ɓular buhu. Kan ɗansa ya langaɓe a kan igiya. Ya san layin nan. In aka ce baƙo ne, za a kwance shi yau, gobe a ce tsoho ya rufa wa ɗansa asiri. Ba mai sake kawo masa ko keke. Duk inda ya wuce za a nuna shi da baki, shi ne wanda ya kashe ɗan Mahauci, har ya tsufa, har 'ya'yansa su gada.

"Ƙaninka zai zauna a nan, bayana, har mota ta zo," in ji shi. "Mai son taɓa shi sai ya bi ta kaina. Wannan na ɗauka."

"Maganar fa, Baba? Don girman Allah. Ka ce ba ka gani ba."

Mai Sawu ya damƙe murfin a hannu, ya kama buhun ƙofa.

"A'a. Ba zan ce ba."